Kariya a Yantala

Asabar ta ƙarshen Maris, hantsi bai gama ɗagawa ba
kwalta ta fara laushi.
Kogi ya ja da baya, ya bar duwatsunsa a fili
kamar haƙoran tsoho mai dariya.
Masu lambun Yantala sun fito da hajarsu bakin hanya,
wai ragi suke yi kafin bazara ta tsananta,
abin da bai sayu ba, rana za ta ɗauka kyauta.

Na sauka daga taksi, jikka goma ƙulle a haɓar zane.
Na ce, Sahiya, yau ba lemun tsami,
ba gwaba, ba zogale.
Shekara talatin kina shuka abin miya,
yau ki sayi abin da ba ya tsinana komai
sai kallo.

Sumana ne mai rumfa ta uku,
Hausarsa da ɗan gishirin Zabarmanci.
Ya nuna mini wata mai kunya,
na taɓa ta da yatsa, ta naɗe ganyenta kaf.
Ga wata ƙaya a dunƙule, an ɗora mata jan kai
kamar an sa wa bushiya dara.
Ga wata a rataye, ba ƙasa, ba tukunya,
wai iska take ci.
Na ce wannan ta dace da gidan mai fansho.
Ga wata mai ɗan tulu a bakin ganye,
ƙuda ya leƙa, bai dawo ba.
Jikka bakwai!
Gizo-gizon ɗakina yana wannan aikin
bai taɓa neman ko dala ba.

Kowace da takarda a wuya,
sunan da harshe ke tuntuɓe kafin ya kai ƙarshensa.
Ni tambayata ɗaya ce: ruwa nawa take sha?
Don famfon Bukoki sai tsakar dare yake tari,
ya tofo bokiti biyu, ya koma barci.

Can ƙarshen layi, bayan buhunan taki,
na hango ta.
Gindi a kumbure, rassa gajeru, ba ganye ko ɗaya,
sai fure ja-ja mai farin maƙogwaro.
Sumana ya rage murya:
Hajiya, wannan ta manya ce,
furen hamada ake kiranta, masu farar mota ke saye.

Na yi dariya har mayafina ya zame.
Kariya ce fa!
Kariyar bayan ɗakin kaka Kuluwa a ƙasar Adar,
wadda muke shanya tsumma a kanta,
wadda akuya ke ratse wa,
wadda aka taɓa zane ni don na karya reshenta
na kai hannu baki, ashe ruwanta dafi ne.
Ba mai ba ta ruwa, ba mai yi mata sannu,
in komai ya bushe, sannan take kwalliya.
Bara da na je ta'aziyya na nemi wurin,
shagon cajin waya na tarar.

Jikka takwas, in ji shi.
Na taya uku, ya ce albarka.
Na ce yaro, na san wannan tun ba a haife ka ba.
Ya ce to kin san shekara shida ta yi kafin ta yi wannan tumbin,
ni kuwa ina nan ina gadinta.
Aka tsaya a shida,
jikka guda kowace shekara.

Na rungume ta a cinya cikin taksi,
ƙasar tukunya na zubo mini a zane duk ramin da muka faɗa.
Matar da ke gefena ta ce, daga wace ƙasa aka kawo ta?
Na buɗe baki zan faɗa,
sai direba ya taka birki a Wadata,
wani ya shigo da buhun albasa, muka matsa.

Yau kwana tara tana bakin ƙofata.
Jikata Balkisa kullum sai ta zo da moɗa,
kullum sai na riƙe hannunta.